Hannuna Ne a Jikin Kan Sarkin, Sunan Wani Ne a Ƙasa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tarihi na kamfaninmu, babban ofis, Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ban girma, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Allah ya ƙara girma da ɗaukaka.

Sunana Hamisu, mutumin Funtuwa ta jihar Katsina a Nijeriya. Ni ne mai gadin ƙofa ta biyu a sansanin ma'aikatanmu na Al Rayyan. Shekara bakwai ke nan ina ɗaga sandar ƙofar nan ina saukewa. Kai ma, ranka ya daɗe, na sha ɗaga maka, kana ɗago min hannu ta bayan gilashi, ko da yake na san in aka jera mu biyar cikin kayan aiki aka ce ka nuna ni, sai dai ka yi canke. Ban ga laifinka ba. Na rubuta da Hausa ne saboda Larabcina bai wuce yalla da khalas ba, Turancin kuma na bakin ƙofa ne. Akwai wani bawan Allah ɗan Sudan a ofishinka mai jin Hausa, shi zai fassara maka, ina roƙonsa kada ya rage mata gishiri. Na buɗe ta ga kowa ne saboda sau biyu ina ba foman takarda a ninke ya kawo maka, har yau ban ji ko tari ba.

Maganar kan sarkin nan ce guda huɗu da kamfani ya ɗauki nauyin bugawa dab da gasar cin kofin duniya, don tunawa da ayyukan raya ƙasa da ya yi tun zamanin da. Ɗaya na ɗauke da gada, ɗaya babbar magudanar ruwa, ɗaya tsohon hoton masu shimfiɗa hanya. Na huɗun kuwa zanen hannu biyu ne ana zuba musu ruwa daga buta. A ƙasansa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa Isaka ne ya zana. Ranka ya daɗe, ba Isaka ne ya zana ba. Ni ne.

Kafin wani ya riga ni gaya maka, bari in faɗa da bakina: kishi nake ji. Ƙyashi ne fal cikina, ya hana ni jin daɗin abinci, ya sa na tsani ganin ambulan. Na yi istigfari, na yi azumin nafila, na gaya wa kaina duniya ce, abin bai tafi ba. Amma mai kishi ma yakan yi gaskiya, don haka ina roƙon ka karanta har ƙarshe.

Na ɗaya, yadda aka yi allon da aka ɗauko zanen daga jikinsa.

Kafin in zo ƙasar nan, shekara tara na yi a rumfar Malam Ɗanjuma mai zanen manyan motoci, a bakin tasha. Shi ya koya min riƙe burushi. A rumfarsa wanda ke ƙarƙashi ba ya sa suna a jikin aiki. Ko kai ka zana zakin tun daga gezarsa har wutsiya, in mai mota ya tambaya, sai ka sunkuyar da kai ka bar babba ya amsa. Haka aka raine ni, kuma a da ina ganin babu tarbiyyar da ta fi wannan.

Da annobar korona ta shigo aka kulle sansani, ofishinku ya aiko mana da takardun gargaɗi da Larabci da Turanci, aka manna a bango. Mu kuwa a ciki akwai 'yan Nepal, 'yan Bangaladash, 'yan Kenya, 'yan Yuganda, ga mu 'yan Nijeriya da 'yan Gana. Babu mai tsayawa ya karanta, zafi ma ya ɗaye rabinsu cikin mako guda. Ranar da aka fitar da wani ɗan ɗakin da ke kusa da namu a motar asibiti yana numfashi da ƙyar, na ga takardun nan ba za su yi ba. Da na tashi daga aiki bayan la'asar na zagaya bayan sito, na tsinci falankin da aka yar, na roƙi ragowar fentin da ake ja wa titi layi. Shi ya sa kan sarkin naku ba shi da launi sai rawaya da fari da baƙi. Na ji an ce wani ya yaba wa hikimar zaɓen launukan a wajen taro. Babu wata hikima, abin da ya rage a gwangwani ke nan.

Ban zana famfo ba, buta na zana, na sa yatsu suna shiga tsakanin juna kamar mai alwala, domin na san ko wanda ba ya salla ya ga maƙwabcinsa yana yi. Allo goma sha ɗaya na yi a watannin kulle: na takunkumi, na tazara a layin abinci, na hana tofar da yawu, da sauransu. Na kafa su da hannuna, ban sa suna a ko ɗaya ba.

Ina Isaka ya shigo? Yaya Isaka mutumin Zongon Kumasi ne, direban tankar ruwa, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Ɗakinmu ɗaya, shi a gadon ƙasa, ni a na sama. Ba zan ci haƙƙinsa ba: shi yake dama min fenti, shi yake riƙe falankin kada iska ta kayar, shi ya yi min magana da mai sito. Amma ko layi ɗaya bai ja ba. Mutumin da in ya rubuta lambar motarsa a takarda sai ya dawo yana tambayar mutane ko bakwai ce ko ɗaya.

Na biyu, ranar da mutanenka suka zo.

Bayan an buɗe gari, wata ma'aikaciyarku ta zo da mai ɗaukar hoto da takarda a hannu. Ta tsaya gaban allon butar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi wanda ya yi. Aka nuna mata ɗakinmu, muka fito mu biyu. Da ta sake tambaya, sai tarbiyyar rumfar Malam Ɗanjuma ta taso min. Ga babba a tsaye, yaya zan buɗe baki in ce ni ne? Na ja da baya taku ɗaya, na sunkuyar da kai, na bar yaya ya yi magana. Shi kuwa Turanci a bakinsa kamar ruwan tankarsa. Ya ce mata aikinmu ne, ya ba ta labarin fentin titi da falankin bola, tana dariya tana rubutawa. Ta nemi katinsa, ta kwafi suna. Ni ta ɗauke ni mai riƙe masa kaya, har ta ce in ɗan matsa kada inuwata ta shiga hoto. Na matsa.

A nan ne kukana yake da kwamitinka. Mutum biyu suka fito, aka karɓi katin mutum ɗaya. Wanda ya yi shiru ba a ce masa kai fa ba. Ba a dubi hannun kowa ba, alhali har ranar akwai rawayan fenti a ƙarƙashin farcena. Kwamitin da zai buga abu ya shiga duniya, ya kamata ya san cewa a cikin ma'aikatansa akwai mutanen da a garinsu shiru a gaban babba ladabi ne, ba rashin abin faɗa ba.

Na uku, nawa laifin, don kada a ce na ɓoye.

Ranar da samfurin kan sarkin ya iso sansani, Yaya Isaka ya shigo ɗaki da shi, fuskarsa ba walwala. Ya zauna a bakin gado ya ce, "Ƙanena, wannan abu bai yi ba. Gobe mu tafi ofis in faɗa musu kai ka yi."

Na ce, "Haba Yaya, ba komai. Ai da ni da kai duk ɗaya ne."

Washegari ya sake tayar da maganar, na sake cewa ba komai. Ranka ya daɗe, a wajenmu in mutum ya ce ba komai a irin wannan wuri, akwai komai. Ana so ne a matsa maka, ka ƙi, a sake matsawa, ko kuma a tafi a gyara ba tare da an ƙara tambayarka ba, a dawo a ce an riga an yi, kai kuma ka yi ɗan faɗan ƙarya. Ina nan ina jiran karo na uku. Ashe mutanen Kumasi in ka ce musu ba komai, ba komai suke ji. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah shi yi maka albarka, kana da zuciya paa." Shi ke nan, ya rufe maganar, ni kuma ya bar ni da zuciyar da ya yaba tana tafasa.

Na huɗu, abin da ya biyo baya.

Kun kira shi babban ofis walima. Ba shi da kayan fita, sai ya ari farin kaftanina da hular da na ajiye don Salla. Ni na goge masa su. Ni na ɗaga masa sandar ƙofa ya fita a motar da kuka aiko, yana ɗago min hannu ta bayan gilashi, shi ma. Ya dawo da allon yabo mai firam, ya rasa inda zai rataye shi sai a ƙusar da ke daidai fuskata in na kwanta. Ya dawo min da kaftanin da ɗigon miya a ƙirji, ya ce naman wajen ya yi laushi ƙwarai.

Sannan kuka ba shi tikitin kallon ƙwallo. Ka san dai 'yan Gana ne suka hana Nijeriya zuwa gasar, kuma tun daga ranar ba mu huta da bakinsu a sansani ba. To ga shi an ba shi kujera ya je ya kalli ƙasarsa a filin da ke nan Al Rayyan, ni kuma a ranar an tura ni tsaron wajen ajiye motoci a bayan filin. Ina jin ihun mutane yana tashi yana sauka, ina nuna wa direbobi inda za su juya. Ban taɓa roƙon Allah ya kayar da ƙasar Afirka ba sai ranar, kuma ban ji daɗin kaina ba.

Yanzu a sansani sunansa ya koma Mai Zane. 'Yan Zongo daga Al Wakrah da Madinat Khalifa suna zuwa ranar Juma'a a ɗauke su hoto da shi. Wani ya kawo masa hoton mahaifiyarsa ya zana masa, sai ya ce hannunsa na ciwo, ya dube ni ta gefen ido. Na yi kamar ina gyara takalmi. Ya aika wa tsohuwarsa kan sarkin a Kumasi, ta sa an yi masa gilashi, har limamin unguwarsu ya sa masa albarka. Duk a gabana ake buga wayar, ni kuma ina sama ina kallon rufi.

Abin da ya karya ni shi ne matata. Hoton kan sarkin ya zaga wayoyin mutane har ya isa Funtuwa. Ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ta ce, "Baban Khadija, wannan ba ɗan yatsanka ba ne?" Na ce nawa ne. Ta tambayi wane ne Isaka, na ba ta labari. Ta ce in bar wa Allah. Na san ta faɗa ne don ta kwantar min da hankali, amma na ji a muryarta cewa ta so a ce ta samu abin nuna wa 'yan'uwanta. Shekara bakwai in aka tambaye ta aikin mijinta a Ƙatar, amsarta ɗaya ce, gadi.

Na biyar, hujja.

Ba na so a ɗauki maganata don na rantse. Ka ɗauki kan sarkin ka sa gilashin ƙara girma. Ƙaramin yatsan hannun dama a karkace yake. Nawa ne, ƙofar ƙarfe ta datse shi a shekarata ta farko, yana cikin takardun asibitin kamfani. Ni bahago ne, da hagu nake zane, don haka hannun daman nawa na ajiye a gwiwa ina kallo ina kwafa. Duk inuwar da ke allunan nan goma sha ɗaya daga hagu take gangarowa zuwa dama, kowane mai zane zai gaya maka aikin bahago ne. Yaya Isaka kuwa yatsunsa goma a miƙe suke, Allah ya ƙara masa lafiya. Mai sito yana nan, bai koma gida ba. In duk wannan bai isa ba, a ba mu falanki biyu da burushi biyu a tsakar sansani, a ce kowa ya zana buta.

Akwai wani abu kuma da ya tsaya min a rai, ko da yake ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kan sarkin nan mai tsohon hoto, na daɗe ina kallonsa. Mutum shida ne riƙe da shebur a rana, kawunansu naɗe da ƙyalle. A ƙasa an rubuta sunan hanyar, ba a rubuta na kowa ba. Ɗaya daga cikinsu baƙi ne dogo, ya ɗan ja baya daga sauran, kansa a ƙasa. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma na san wannan tsayuwar. Shi ya riga ya wuce, babu mai tambayarsa. Ni ina nan da raina a ƙofa ta biyu, daga shida na safe zuwa la'asar.

Na samu labari cewa bayan Salla za ku kai wa maɗaba'a kundin tarihin kamfani, da kan sarkin huɗu a ciki da bayanin kowanne, a ajiye a ɗakin tarihi, a raba wa baƙi. Kan sarki yakan bi ambulan ya ɓace, amma littafi zama yake yi. In aka buga shi haka, magana ta ƙare, jikokina ma in sun gani Isaka za su karanta.

Saboda haka ga roƙona.

A dakatar da shafin nan har a bincika. A turo wanda zai zo sansani ya sake yin tambayar da aka yi, ga mu biyu, kowa shi kaɗai. Wannan karon ba zan ja da baya ba.

In an tabbatar, a rubuta sunana a matsayin wanda ya zana. Zuciyata tana so a kankare na Yaya Isaka ƙaf, na faɗa ne don kada in yi maka ƙarya, amma ba shi nake roƙo ba. A bar shi a matsayin wanda ya taimaka, don ya taimaka. Sai dai nawa ya zama a sama, kuma kada baƙaƙensa su fi nawa girma.

Kada a taɓa aikinsa, kada a kai maganar gaban kafil mai riƙe da izinin zamansa, kada a karɓe allon yabonsa. Bai yi ƙarya ba, aikinmu ya ce, kuma sau biyu ya nemi gyarawa na hana shi da bakina. Tsohuwarsa ta haura tamanin, a bar mata gilashinta a bango. Tikitin ƙwallo kuwa an riga an buga wasan, na yafe, ko da yake ba da daɗin rai ba.

A ƙarshe, allunan nan goma da suka rage suna jingine a bayan sito, rana tana cin su. A sa su a inuwa.

Na san abin da wannan takarda za ta jawo min. Shekara biyar muna cin abinci a tire ɗaya da Yaya Isaka. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a watannin kulle, kowa na gudun kowa, shi ya riƙa ajiye min shayi a bakin gado. Ban gaya masa na rubuta ba. Na ɗauko maganar ya fi a ƙirga, in na dubi furfurarsa sai in tambaye shi labarin tanka. A wayarsa zai gani kamar kowa, yana kwance a ƙasana. Wataƙila ya ce me ya hana ni faɗa masa tun farko, kuma ba ni da amsar da za ta gamsar da mutumin Kumasi. Wataƙila daga ranar kowa ya nemi tirensa. Na auna wannan, na sake aunawa, na ga zan iya jure fushinsa, amma na kasa jure ganin hannuna da sunan wani. Yaya, in ka iso nan, ka yi haƙuri. Da na ce ba komai, akwai komai.

Ranka ya daɗe, Allah ya ba ka ikon yin adalci a ƙaramin abu kamar yadda kake yi a babba. Allah ya tsare ka da iyalinka, ya raba ka da ciwon da ke damuna, ya sa duk abin da ka yi da hannunka a kira shi da sunanka. Ni kuma Allah ya wanke min zuciya, ya bar min yayana.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Hamisu Lawal Funtuwa,
mai gadin ƙofa ta biyu, wanda ya zana allon buta.